Yadda zaka sa ɗalibanka su riƙa rububin karatu da littafin zane

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa a firamare biyar, ɗan bencin baya ne, in ka miƙa masa littafin Turanci ka ce karanta layi biyu sai ya fara tarin ƙarya yana sosa ƙeya har sai ka gaji ka ce zauna. Ran nan ina tsaka da rubutu a allo sai na lura ya sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur shiru, na lallaɓa na damƙe abin da ke hannunsa ina zaton waya ce, ashe yagaggen shafi ne na komik ɗin 'yan ƙwallo wanda mai ƙosai ta ƙunsa masa ƙosai a ciki, duk mai ya ɓata shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne "Malam dan Allah bari in ga ko ta shiga raga". Toh daga ranar na canza salo, kuma abin da zan zayyana a ƙasa shi ne yadda nake yi har yanzu, wanda ya ga zai masa amfani ya ɗauka.

Ga wanda bai sani ba, littafin zane labari ne da ake bayarwa da hotuna a jere gida-gida, maganar mutanen tana cikin wata 'yar kumfa a saman kansu, wasu su ce komik, 'yan bokon Nijar kuma su ce BD. Ya bambanta da littafin hoto na 'yan nazare wanda hoto ɗaya ne sai rubutu a ƙasa, shi wannan hotunan ne suke tafiyar da labarin, wani yakan kai shafi ɗari biyu.

Mataki na farko, ka fara da manya kafin yara

Wannan shi ne wanda na tsallake da farko kuma na sha kunya, dan sati biyu da farawa wani uba ya zo har bakin aji yana faɗa wai ya biya kuɗin makaranta ana koya wa ɗansa kallon 'yar tsana. Kaga laifi na ne, ban yi bayani ba. Saboda haka ka sami hedimasta tukuna, ka je da littafin a hannu ya buɗe ya gani da idonsa, sannan in an yi taron iyaye da malamai ka nemi minti biyar. Abin da nake gaya masu gajere ne. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 ya kiyasta kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita basa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi, kuma karatu kamar tuƙin keke ne, sai an hau an yi ta hawa, yaron da yake gudun littafi yaushe zai yi hawan? In hedimastan mai son hujjar boko ne ka ƙara masa da cewa a Amurka lambar yabo ta Newbery da ake ba littafin yara tun 1922, a shekarar 2020 littafin zane ne ya lashe ta, New Kid na Jerry Craft.

Sai maganar addini, wadda bai kamata ka yi kamar baka san da ita ba. Wasu iyayen suna da damuwa da zanen abu mai rai, wasu kuma shigar da ake zana wa mata a irin littattafan nan ce ke damunsu. Kar ka tsaya musu da kowa. Wanda ya ce baya so ɗansa ya zana mutum, ɗan nasa ya yi rubutun cikin kumfa, ko ya zana gidaje da motoci da itatuwa wani ya ƙarasa, aikin nan yana da rassa da yawa kowa zai sami nasa.

Mataki na biyu, nemo littattafan

Nan ne wahalar take gaskiya, dan ba zaka shiga kowane shagon littafi ka gansu ba, kuma sababbi daga waje tsadarsu ta fi ƙarfin albashin malami. Ni wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa nake bi, irin 'yan gwanjon littafi, in kana Kano ka zaga wajen Bata da Sabon Gari, ka tsuguna ka tona da kanka dan mai kayan sau da yawa bai ma san yana da su ba, sun maƙale a tsakanin littattafan lissafi da mujallu. Supa Strikas, na 'yan ƙwallon nan da ya samo asali daga Afirka ta Kudu, ya zagaya Najeriya sosai a shekarun baya, saboda haka ka tambayi samarin unguwa, wani yana da su cikin akwati yana ta ajiya. Masu koyarwa da Faransanci ku nemi Akissi na Marguerite Abouet 'yar Kodebuwa, labarin wata 'yar fitinanniyar yarinya ne a Abijan, gajeru ne kuma yara na ƙyalƙyala dariya. Na 'yan sakandare akwai Malika na Roye Okupe wanda ya ɗauko ilhamarsa daga Sarauniya Amina ta Zazzau, akwai kuma kamfanin Comic Republic na Legas da suke sa nasu a intanet.

Na Hausa fa? Kaɗan ne wallahi, shi yasa mataki na shida ya fi kowanne muhimmanci a wajena. Amma kafin nan ka shiga shafukan intanet na African Storybook ko StoryWeaver ko Bloom Library ka zaɓi Hausa, akwai labarai masu hoto kyauta waɗanda aka yarda ka sauke ka buga, yawancinsu littattafan hoto ne amma suna cike giɓi ga masu raunin karatu. Ka kai shagon kwafi a buga maka baƙi da fari gaba da baya, yaran da kansu zasu shafa kala. Wanda ka siya a kasuwa kuwa kar ka je ka yi ta buga kwafinsa, haƙƙin mai shi ne.

Kar ka jira sai ka tara hamsin. Da goma sha biyu na fara a aji mai yara sama da saba'in.

Mataki na uku, ka karanta kowanne da kanka daga bango zuwa bango

Ba wai ka buɗe tsakiya ka leƙa ba, a'a shafi-shafi. Zane yana yaudara, zaka ga bango da 'yan yara masu manyan ido kamar na wasa, ka shiga ciki ka tarar da tsiraici ko yankan kai. Musamman na Japan da ake kira manga, su kashi-kashi suke yinsa, kodomo na ƙananan yara, shonen na samari 'yan tasowa, shojo na 'yan mata, seinen kuma na manya ne kwata-kwata. Waɗanda aka fassara zuwa Turanci galibi akwai harafi a bangon baya, A na kowa da kowa, T na matasa, M na manya, amma ma'aunin su daban namu daban, abin da suka ce na ɗan shekara 13 ne wani ko kai malam sai ka kau da kai. In shafi ɗaya ne matsala kar ka ce zaka liƙe shi da takarda, yara sai sun ɓamɓare, kuma shafin da ka liƙe shi zai fi kowanne farin jini. Ajiye littafin gaba ɗaya a gida.

Wanda ya tsallake tantancewa ka yi masa sutura, ka bi gefen bango da ƙashin bayansa da salatef mai faɗi, ka rubuta lamba da maka a ciki da waje, ka samo akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Kwali baya kwana biyu, gara da ɓera da yoyon damina zasu gama da shi.

Mataki na huɗu, koya masu yadda ake bin shafin

Mu manya muna ɗauka abu ne da kowa ya iya, amma ka ba yaron da bai taɓa gani ba zaka ga idonsa na tsalle daga nan zuwa can yana kallon hoton da ya fi kala. Darasi ɗaya ya isa. Ka zana murabba'i shida a allo, uku sama uku ƙasa, ko da 'yan sanda-sanda ne dan ni ma ban iya zane ba, yaran ma dariyar zanen nawa ce ke fara jawo su. Na raɗa wa kowane abu suna da Hausa kuma sunayen sun zauna, kowane murabba'i gida ne kamar gidan dara, zagayen da magana ke ciki kumfa, 'yar jelar da ke nuna bakin mai maganar wutsiya, wanda ya yi kamar gajimare tunanin zuci ne ba a ji, ɗan akwatin da ke can sama kuma muryar mai ba da labari ce, wato kaka mai tatsuniya. Ana bi daga hagu zuwa dama, a sauko layi na gaba, kuma a cikin gida ɗaya kumfar da ta fi sama ita ake fara karantawa.

Sai farin filin da ke tsakanin gida da gida, wanda na kira lungu, kuma a nan nake daɗewa dan a nan karatun gaske yake. Ka zana yaro yana miƙa hannu zai tsinki mangwaro a gida na farko, gida na biyu ka zana shi yana gudu ba takalmi ɗaya. Ka tambaye su me ya faru a lungu? Zaka ji aji ya kaure, wannan ya ce mai gona ne ya fito da sanda, wancan ya ce kare ne, wata ta ce rina ce ta harbe shi, sai ka ce toh kowa ya kawo shaidarsa daga cikin hoton. Abin da muke wahalar koyarwa a darasin fahimta kenan, gano abin da marubuci bai faɗa ba, gashi sun yi shi suna ihu ba tare da sun san darasi ake ba.

In manga ne ka gaya masu daga dama ake farawa, bangon da suke zaton baya shi ne gaba. Abin mamaki yaranmu basa shan wahalar wannan ko kaɗan, ɗan da ya saba da allo da littattafan Islamiyya ai tun yana ƙarami yake bin rubutu daga dama, minti biyu sun kama.

Mataki na biyar, lokacin karatun kansa

Minti goma sha biyar, sau uku a sati, kuma ni bayan an dawo daga tara nake sawa dan lokacin sun shigo a hargitse da gumi, littafin ne ke kwantar da su. Ka raba su shida-shida, littafi ɗaya a tsakiya, inda hali a shimfiɗa tabarma a gindin bishiya. Kowane rukuni ka haɗa mai ƙarfin karatu da masu rauni, a raba mutanen labarin kowa ya ɗauki muryar mutum ɗaya kamar wasan kwaikwayon rediyo, mai raunin a bashi wanda maganarsa gajera ce ko a bashi ƙarar abubuwa, shi ne mai cewa fau in an yi mari, tim in an faɗi. Kar ka raina wannan, yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba in ya ce tim ɗin nan aka yi dariya tare da shi, gobe da kansa zai nemi a ƙara masa layi.

Su zasu zaɓi littafin da suke so, in rukuni biyu sun yi karo a yi ƙuri'a. Wanda ya ce zai maimaita wanda ya karanta sau huɗu ka ƙyale shi, maimaicin ne ke sa kalmomin su zauna. Kai ma malam ka zauna da naka littafin a gabansu, kar ka mayar da lokacin na makin ɗin aikin gida ko latsa waya, suna kallonka.

Ranar Litinin nakan karanta masu da kaina, in ɗaga littafin sama ina canza murya, sai na kai daidai inda aka ɗaga takobi ko aka buga fanareti in rufe littafin garam in ce lokaci ya yi. Ihun da ake yi har malamin aji na kusa yakan leƙo. Dabarar masu karanta littattafan Hausa a rediyo ce, su yanke a inda ya fi daɗi su ce sai mako mai zuwa, sai in ajiye littafin a akwati in yi kamar na manta, kafin a tashi an yi layi a kansa.

Yanzu ga dokar da in ka karya ta duk wahalarka ta tashi a banza. Kar ka sa maki. Kar ka ce a rubuta taƙaitaccen labari, kar ka ce a fitar da kalmomi goma a nemo ma'anarsu, kar ya fito a jarrabawa ko gwajin tsakiyar zango. Na gwada sau ɗaya da na ga abin ya karɓu, na ce bari in ci riba biyu, na ba da tambayoyi biyar a kan wani littafi, wallahi satin gaba ɗaya ba wanda ya taɓa littafin nan, ya zama kamar maganin zazzaɓi. Haka nan kar ka mayar da shi abin horo, wai wanda bai yi aikin gida ba ba zai karanta ba, dan waɗanda basa aikin gidan su ne dai waɗanda ka fara abin dominsu. In kana son sanin ko sun gane, hira zaka yi da su kamar yadda ake hirar ƙwallo, wa ya fi baka haushi a ciki, da kai ne zaka yafe masa?

In littafin na Turanci ne kuma ya masu nauyi, a tattauna da Hausa ba laifi. Wani wasan da suke so shi ne in yanka 'yan takardu daidai girman kumfa, su ɗora a kai ba tare da gam ba, su rubuta abin da mutumin zai ce da a Hausa yake magana. Gardamar da ake tafkawa a kan ko "kai!" zai ce ko "tabɗi!" ta fi darasin fassara goma.

Mataki na shida, su yi nasu

Tunda na Hausa sun yi ƙaranci sai mu ƙera. Bayan kamar sati huɗu da fara karatu, ka ba kowa farar takarda A4 guda ɗaya. A ninke ta biyu, a sake ninkewa, a sake, sau uku kenan, in aka buɗe aka kwantar da ita za a ga gida takwas, huɗu sama huɗu ƙasa. Dogon layin nan na tsakiya da ya raba sama da ƙasa, a tsaga shi da almakashi amma iya tsawon gidaje biyun tsakiya kawai, kar a kai baki ta kowane gefe. Sai a ninke takardar a kan dogon layin, a riƙe gefe da gefe a turo su ciki, tsagar zata buɗe kamar bakin kifi har ta haɗe ta zama alamar tarawa, sai a kwantar da fukafukan gefe ɗaya, ga ɗan littafi mai shafi takwas ba zare ba gam, bango gaba, bango baya, shafi shida na labari. Karon farko rabin aji zasu tsaga har baki, ka tanadi takardu na ƙari, kuma reza kar ta shigo ajin.

Labarin farko kar ka ce su ƙirƙira, zasu zauna suna cizon biro. Ka ce kowa ya je gida ya sa kaka ko inna ta yi masa tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi, kura da ɗan akuya, duk wadda ta zo, ya raba ta shida, shafi ɗaya abu ɗaya. Ga ta nan ga ta nanku a akwatin mai ba da labari na shafin farko, ƙurunƙus a na ƙarshe. Abu ɗaya da zaka nace a kai shi ne a fara rubuta magana sannan a zagaye ta da kumfa, in suka fara zana kumfar sai rubutun ya ƙi shiga su matse shi har ba mai iya karantawa. A fara da fensir, in ya yi a bi da biro. Kuma a nan Hausa ta fi kowa arziki, tsulum in ya faɗa rijiya, wuf in ya fizge, ɓaras in ƙashi ya karye, caraf in ya cafke, ka ce su rubuta su manya-manya su karkace yadda suka ga dama.

Kar ka bi da jan biro kana gyara kuskuren rubutu a kan littafin yaro. In akwai kalmar da ta hana a gane labarin ka kira shi gefe ka ce abokinka ya kasa karanta nan, ya za mu yi, shi da kansa zai goge. Waɗanda aka gama a sa masu lamba a zuba cikin akwatin ƙarfen nan tare da na kanti, da sunan mai shi a bango. A ajina sai da ƙananan nan suka fi na Turancin fita, dan kowa na son ya ga me wane ya zana, kuma akwatin da ya fara da sha biyu kafin ƙarshen zango ya ƙi rufuwa.

Mataki na bakwai, aro da tsallakawa

Idan an saba, ka fara ba da aro zuwa gida. Ka naɗa mutum biyu, mace da namiji, su riƙe littafin rajista, suna da lambar littafi da rana, kuma ka zaɓo su daga cikin fitinannun ajin dan sun fi kowa iya karɓo bashi. Ranar Alhamis nake bayarwa a dawo Litinin, saboda yawancin Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a, yammacin nan ne yaro ke da sarari, musamman 'yan mata da aikin gida ko talla ke cinye masu sauran ranakun. Wani zai dawo da miya a jiki, wani ƙani ya yaga shafi, wani ya ɓace ɗungurungum. Kar ka ci tarar kuɗi, in ka yi haka iyaye zasu hana karɓa, wanda ya ɓatar ya zana sabo guda biyu ya biya da su.

Sai tambayar da kowa ke yi, yaushe zasu koma littafin da ba hoto? Kar ka ƙwace na zanen ka ce an girma, ka dai riƙa cusa wasu a cikin akwatin a hankali, masu gajerun labarai da hoto jefi-jefi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace da wannan sosai tunda labaran akun nan gajeru ne kuma kowanne na tsaye da ƙafarsa, ka karanta masu rabin ɗaya ka rufe garam kamar yadda ka saba. Wanda ya haukace a kan komik ɗin ƙwallo ka yanko masa shafin wasanni na jarida ka ce duba min nawa-nawa aka tashi. Wasu cikin zango ɗaya zasu tsallaka, wasu sai shekara, wasu kuma zasu yi ta haɗa biyun har su gama makaranta.

In hutu ya zo kar ka bar akwatin a ƙasan aji, ka ɗora shi a kan bulo ko ka tafi da shi gida, ka jefa 'yan ƙwayoyin kafur a ciki, ka ƙirga littattafan a gaban masu rajista su sa hannu, dan ranar da aka dawo kafin ka ajiye jaka za a tambaye ka ina mukulli.